Ranar da na ji ƙarar jini a kan Auta

Ɗan Yayata yana da shekara bakwai ranar da kofin koko ya suɓuce masa. Da safe ne, ana shirin makaranta a gidansu da ke Rigasa. Yaya ta miƙa masa, ya sa hannun dama zai karɓa, kofin ya bi ta tsakanin yatsunsa ya kife a kan tabarma. Ta buɗe baki za ta yi faɗa ke nan sai ta ga bakinsa ya karkace, yawu na zuba ta gefe guda. Ta ce, "Kai, mene ne?" Yana kallonta, yana son ya ce Umma, kalmar ta ƙi fitowa.

Kafin azahar gida ya cika. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce ai jiya da magariba an gan shi yana wasa a bakin juji. Aka kawo turare, aka kawo rubutu, aka yi tofi a ruwa. Ni ma ina cikin masu tofin, kuma har gobe ba zan raina addu'a ba. Abin da ke cin raina shi ne kwana biyun da muka yi ba mu haɗa da asibiti ba. Da muka je, likita ya ɗaga hannun yaron ya saki, hannun ya faɗi yaraf. Ya tambayi Yaya tun yaushe, ta ce shekaranjiya. Ya sunkuyar da kai ya yi rubutu, sannan ya ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Yaya ta ce, "Likita, ba ciwon tsofaffi ba ne wannan? Masu hawan jini?"

Ya ce, "Hajiya, yaronki sikila ne. Su ma yana kama su, tun suna ƙanana."

Tun yana goye muke jinyar yaron nan. Mun san ciwon ƙashi da ke hana shi barci idan hunturu ya shigo, mun san kumburin hannu da ƙafa, mun san idon da ke komawa rawaya, mun san zaman jiran ƙarin jini. Amma a duk shekarun nan ban taɓa jin an ce sikila tana hawa kai ba. Ni kuwa a lokacin autata, ita ma SS ce, tana da shekara uku. Lokacin aurenmu babu mai maganar gwajin jini, ni da Abbansu sai daga baya muka san dukanmu AS ne.

Ni malamar firamare ce, ba ma'aikaciyar lafiya ba. Amma tun daga ranar na zama mai yawan tambaya. Duk likitan da na samu da sakin fuska sai na tsare shi, da daddare kuma idan yara sun kwanta in hau waya in yi ta karatu har caji ya ƙare. Ga abin da na fahimta.

Jan ƙwayar jinin mai lafiya taushi gare ta, tana lanƙwasa ta wuce ta kowace siririyar jijiya, kuma tana kai kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kuwa, da zarar ta sauke iskar oksijin da ta ɗauko sai ta ƙage ta tanƙware kamar lauje, kuma kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa kullum jininsu ba ya cika. To ƙwaƙwalwa ba ta da haƙurin yunwa. A jikin babba nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma kashi 20 na ƙarfin jiki ita ke cinyewa. A jikin yaro ɗan shekara biyar kuwa, lokacin da take kan gina kanta, abin da take ci ya kai wajen rabi. Jini ga shi kaɗan, buƙata ga ta da yawa, sai zuciya ta dinga tura shi sama da gudu. Waɗannan ƙagaggun ƙwayoyi suna ta gurzar bangon manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, yau da gobe bangon ya yi kauri, hanya ta tsuke, wata safiya ta toshe. Sashen da jinin bai kai ba sai ya mutu. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma ga yawancin mutane nan ne magana take. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar, domin hannun dama da baki ne aka ɗauke wa ɗan Yaya a lokaci guda.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa idan ba a ɗauki mataki ba, kimanin 11 cikin 100 na masu SS za su gamu da wannan kafin su cika shekara 20, kuma 'yan ƙasa da shekara goma abin ya fi faɗawa. A Nijeriya ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Ku lissafa da kanku.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne akwai gwajin da ke hango abin tun bai zo ba. Sunansa TCD. Da Auta ta cika biyar na kai ta. Muka fita tun da duku-duku cikin hazo, na naɗe ta da rigar sanyi biyu, muka hau napep. Nas ɗin ta kwantar da ita a kan gado, ta shafa mata man nan mai sanyi irin na sikanin ɗin masu ciki a gefen kai, ɗan sama da kunne, inda ƙashin kai ya fi siranta. Ta ɗora kan na'urar tana ɗan juya shi a hankali. Babu allura, babu zafi. Can sai ga wani sauti ya cika ɗakin, shuu, shuu, shuu, kamar ana sheƙar gero a iska.

Auta ta zaro ido ta ce, "Umma, mene ne wannan?"

Nas ta ce, "Jininki ne yake gudu, 'yan mata. Kwanta kar ki motsa."

Na tambaye ta me take aunawa. Ta ce, "Malama, kin taɓa ganin masu wankin mota idan sun danne bakin tiyo da babban yatsa? Ruwan ba ƙara gudu yake ba? To haka jini yake idan jijiya ta fara tsukewa." Idan gudun bai kai santimita 170 a daƙiƙa ba, lafiya lau. Daga 170 zuwa 199 a sa ido, a maimaita. Idan ya kai 200, yaro yana bakin rami: cikin irin waɗannan yara, wajen ɗaya cikin goma ne ke shanyewa a kowace shekara idan aka bar su haka.

Na Auta 213 ya nuna. Bayan mako biyu aka sake, 209. A napep ɗin komawa gida tana ta ba ni labarin sautin, ni kuwa ina riƙe da hannunta na dama ina murzawa, ban ma san ina yi ba.

A waccan shekarar ta 1998 aka fitar da sakamakon wani binciken mai suna STOP, a kan yara 130 masu irin wannan lamba. Waɗanda ake yi wa ƙarin jini duk wata, haɗarin ya ragu musu da fiye da kashi 90 cikin 100. A can ƙasashen wannan ya zama hanya. Amma duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare, yana kiran ƙanne da abokan maigida ko wani zai zo ya bayar, ya san ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, ba abin da talakan Kaduna zai iya ba ne. Ga kuɗi, ga tsoron jinin da ba a tace da kyau ba, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki wanda shi ma sai an sha maganin fitar da shi.

Nan ne na ji daɗin likitocinmu har cikin raina. Ba su tsaya jiran ranar da za mu wadata da jini ba. Suka haɗa kai da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar magani da ake kira haidiroksiyuriya. Binciken sunansa SPRING, an yi shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala na Kano, da namu na Barau Dikko a nan Kaduna, aka wallafa shi a mujallar Lancet Haematology a 2022. Yara 220 ne, 'yan shekara 5 zuwa 12, duk lambarsu ta kai 200. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi miligiram 20. Bayan an bi su fiye da shekara biyu, takwas ne kacal suka shanye, wato ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara maimakon goma. Wajen kare su daga shanyewa babu wani bambanci tsakanin ƙaramin awo da babba, sai dai masu shan babban ba su cika kwanciya a asibiti ba. Yaran nan 'ya'yan maƙwabtanmu ne, masu cin tuwon da muke ci, masu fama da sauron da muke fama da shi. Sannan Dakta Halima Bello-Manga da abokan aikinta suka ɗauki aikin koya wa nas-nas yin gwajin a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, domin likitocin hoto ba su da yawan da za su auna kowane yaro. Allah Ya saka musu da alheri.

Yadda maganin ke aiki ya ba ni mamaki. Jariri a ciki yana da irin nasa jinin daban, wanda ba ya tanƙwarewa. Bayan haihuwa jiki ke rage yin sa, shi ya sa jariri mai sikila yakan yi watanninsa na farko garau, sai wajen wata shida abin ya fara bayyana. Maganin yana tayar da wannan jinin jarirantaka ne ya dawo. Sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, shi ma wannan ƙofar yake buɗewa, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Namu dai ƙwayar nan ce. Sai dai don Allah kar wata ta karanta wannan ta aika kemis a sayo mata. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma ana bin sa da gwajin jini lokaci-lokaci domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini.

Akwai kuma wadda ta fi damuna a matsayina na malama, ita ce shanyewar da ba a gani. Ƙananan jijiyoyi ne ke toshewa can ciki, ɗan wuri ya mutu, baki bai karkace ba, ƙafa ba ta ja ba. TCD ba ya nuna ta, sai hoton MRI. Bincike ya nuna kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS suna ɗauke da irin wannan tabo kafin su kai shekara 14, kuma ya fi samun gaban ƙwaƙwalwa, inda natsuwa da tsara aiki da riƙe abu a ka suke. Na tuna wata yarinya da na koyar a aji uku, sikila ce, shiru-shiru, kullum da rigar sanyi ko da zafi. A aji biyu tana cikin na gaba-gaba. Da ta zo hannuna sai in ce a buɗe littafi shafi kaza, a kwafi layi uku, a ja layi a ƙasa, ita ta buɗe littafin ta zauna tana kallona, sauran biyun sun ɓace mata. Na rubuta mata "ba ta mai da hankali" a katin sakamako har zango biyu. Na ji wata malama ta kira ta daƙiƙiya ban tanka ba. Ba a taɓa yi mata hoto ba, sun kuma bar unguwar, amma ba na iya tuna fuskarta ban ji nauyi a ƙirjina ba. Yanzu duk ɗalibi mai sikila gaban allo nake zaunar da shi, umarni ɗaya nake ba shi sai ya gama in ba da na biyu, in bar shi da gorar ruwansa, in ya nemi fita fitsari ba na hana shi. Idan na ga karatunsa ya ja baya haka kawai, uwarsa nake nema, ba bulala ba.

Ɗan Yaya yanzu shekararsa goma sha ɗaya. Ƙwaƙwalwar yaro tana da wata baiwa: wurin da ya mutu ba ya dawowa, amma sassan da ke kewaye suna koyon aikinsa idan ana ta maimaita musu. Wata takwas Yaya tana goya shi zuwa gashi sau biyu a mako. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, da Umma ya fara. Yana tafiya, yana ɗan jan ƙafa. Hannun ne dai bai saki ba, da hagu yake rubutu. Ranar da ya fara cin tuwo da kansa, Inna ta ce, "Kai, da dama ake ci," sai ta tuna, ta rufe fuska da mayafi. Shi ma yana kan magani, domin wanda ya shanye sau ɗaya, in ba a tare ba, kusan biyu cikin uku sai ta sake dawo musu.

Auta kuwa kullum bayan sallar isha take haɗiyar ƙwayarta, Abbanta ne mai tunawa ko da na manta. Kuɗin maganin muna cire shi daga albashi tun kafin a yi awo. Gwajinta na ƙarshe 164 ya nuna, nas ta juyo mini da allon na gani da idona. Ana so a riƙa auna su duk shekara tun daga shekara 2 har 16, don haka watan gobe za mu koma. Maƙwabciyata mai 'yan biyu, ɗayansu SS ne, ta ce ita tsoron abin da za a gaya mata take ji. Na ce ta shirya shi tun da asuba, ta sa masa rigar sanyi, napep ɗaya za mu hau.