Yaron da ke toshe kunne a ɗakin haƙori

Aikina a ɗakin haƙori na wani asibiti a garin Garwa na Kamaru shi ne wanke kayan aiki da tsayawa gefen likita. A nan na gane cewa yaro mai larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ba taurin kai ke hana shi buɗe baki ba. Ɗakin ne ke masa yawa: fitila a cikin ido, ƙarar injin huda haƙori, warin magani, ga wani baƙo da takunkumi ya sunkuyo kansa da safar roba. Mu mun saba har mun daina ji. Shi kuwa duk a lokaci guda suke dirar masa.

A wurare da yawa, mutum uku ake sa wa su danne yaro a cire haƙorin. Raina ba ya son wannan ko kaɗan. Haƙori zai fita, amma yaron ba zai ƙara yarda ya tako ƙofar ba, alhali turamensa na dindindin, masu fitowa wajen shekara 6, suna buƙatar kulawa har tsufansa.

Uwa muke fara tambaya. "Hajiya, me ke tayar masa da hankali, me ke kwantar da shi?" Wata ta ce min, "Malama, ku bar masa murfin kwalbarsa, kuma kada a taɓa masa kai." Ɗan nata mai shekara 7 ya zauna a cinyarta yana juya wani shuɗin murfi. Ranar ba a yi masa komai ba. Mun kashe fitila, na miƙa masa ƙaramin madubin likita, ya shinshina, ya goga a kumatu. Uwar ta ɗauki hoton kujera da fitila da fuskar likita a wayarta, tana nuna masa a gida bi da bi, tana taɓa haƙoransa da cokali tana ƙirga ɗaya zuwa goma. Da ya dawo ya buɗe baki, likita ya ƙirga, a kan goma ya cire hannu cak. Da ya zarce, da shi ke nan.

Irin waɗannan yara da sassafe muke karɓarsu, kafin layi ya cika, kafin zafin Maris ya taso. Mai zuwa daga nesa, kamar garin Gidar, kuɗin mota na ci masa tuwo a ƙwarya, shi ya sa sabon da ake yi a gida ke da muhimmanci.

Ba kowane kogon haƙori ne sai da inji ba. Akwai dabarar da aka ƙirƙiro a Tanzaniya a shekarun 1980, inda ake kankare ruɓewar da kayan hannu a cike gurbin, babu ƙara. Akwai kuma ruwan magani mai azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓewa, sai dai yana baƙanta wurin, dole a gaya wa iyaye tukuna. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da ba ya magana. Ba zai ce haƙori na ciwo ba. Zai ƙi abinci, ya ciji hannunsa, ya riƙa dukan kumatu, ya kwana kuka, dangi su ce iskokai ne suka motsa. A yi addu'a, amma don Allah a haska masa baki da tocila a duba dasashi da turame. An kawo mana yara da dama sai da kunci ya kumbura, ciwon kuwa ya yi makonni yana cinsu.