Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Baba Dattijo Ya Zo Aron Idona

Makon jiya na tsaya a safiyar da muka isa bakin masaƙa muka tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo, an manna takarda a jikin bango. Yau zan ba ku labarin watannin da suka biyo baya, da mutumin da Allah ya aiko ya fitar da ni daga ɗaki.

Wanda bai san Kakuri ta da ba zai yi wuya ya gane abin da ya faɗa mana. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kaduna, zamanin Sardauna, unguwar nan da jiniya take kwana, da jiniya take tashi. Aiki kashi uku ne, safe da rana da dare. In an sauya ma'aikata, kekuna su cika titi har mota ta rasa hanya. Mai tuwo, mai shayi, tela, mai gidan haya, kowa a jikin albashinmu yake ci. Audugar da muke saƙawa kuma ta gonakin iyayenmu ce, ta wajen Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Sai yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa da araha, wutar lantarki ta daina tsayawa, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, tamu tana ciki. Kuɗin sallama kuwa, kullum sai a ce mu ƙara haƙuri.

Uwargida ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, da shi muke ci. Ni kuma na shige ɗaki. Ba ciwo nake ba, amma in gari ya waye sai in rasa dalilin sa takalmi. Daga baya ma sujada ta gagare ni. A majami'armu, lokacin baiko, layi-layi ake fitowa, 'yan Zumuntar Mata suna buga tulu suna waƙa, kowa ya taka zuwa gaba ya saka abin da ya kawo. Na san magidanta da suke dunƙule hannu su tura cikin kwanon su buɗe, alhali ba ko kwabo a ciki, don kada 'ya'yansu su gani. Ni da na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗin Zumuntar Maza, zuciyata ta kasa ɗaukar wannan. Ran Lahadi sai in ce kaina yana ciwo.

Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Wasu su tsaya a tsakar gida su ce, "Sai haƙuri, Allah yana sane," su wuce, na kuma gode musu. Wani ɗan'uwa kuwa ya zauna ya shiga yi mini tambayoyi, ko ina fitar da zakka daidai lokacin da nake da aiki, ko akwai wani zunubin da ban tuba ba, don a cewarsa ƙofa ba ta rufuwa haka kawai. Mu dubbai ne aka sallama, Kirista da Musulmi, mai tsoron Allah da mashayi. Har yau in na ji ana yi wa wanda ke cikin wahala irin wannan bincike, raina yakan ɓaci. Abokan Ayuba ma sun yi haka, a ƙarshen littafin kuma Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Wata Talata da la'asar na ji ana cewa, "Gafara dai, masu gida." Baba Dattijo ne. Haka kowa yake kiransa a ikkilisiya, don shi ne mafi tsufa cikin dattawa. Gajere ne, kullum da 'yar jakar buhu a rataye, yatsunsa na hannu duka biyu sun guntule. Uwargida ta kawo masa kujera, ya ce shi tabarma yake so, ya zauna kusa da ni. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mutanen gida can ƙauye, ya yaba ƙosai. Ina ta jiran ya ce bai gan ni a sujada ba. Bai ce ba.

"Ɗana, roƙo ne ya kawo ni," in ji shi. "Yanar ido ta kama ni, ko babban baƙi ba na gani. Gobe Laraba zan zaga marasa lafiya, ba ni da mai karanta mini. Ka ara mini idonka."

Na san yana da jikoki 'yan sakandare a gida waɗanda suke karanta masa kullum. Shi ma ya san na sani. Ba wanda ya ta da zancen. Na ce, "To, Baba, Allah ya kai mu."

Haka na zama ɗan rakiyarsa. Ina riƙe da Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, shi yana dafe da kafaɗata, mu bi Narayi da Television da Unguwar Romi, wani lokaci har Sabon Tasha. Waɗannan unguwanni a lokacin cike suke da baƙi, domin bayan rikicin Fabrairun 2000 garin ya rabu, Kirista da yawa suka hayo kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. Iyali guda a ɗaki ɗaya, kayansu a ɗaure kamar gobe za su tashi.

Baba ba ya gaggawa. In ya shiga gida sai ya zauna sosai, ya cire hula. Yakan tambayi abin da sauran masu ziyara ba sa tambaya: ɗakin nan yana yoyo? Wa yake ɗebo muku ruwa? Yaron nan an kore shi ne saboda kuɗin makaranta? Maganin ya ƙare ko da saura? In an ba shi ruwa ya sha, in an ba shi kunu ya sha, ko da ya ƙoshi, don ya ce mai gida yana jin shi ma mutum ne in ya ba baƙo wani abu. Sai can ya ce, "Ɗana, buɗe mana wuri kaza." Surorin duk suna kansa. In za mu tafi, ya zaro ƙullin masara ko gero daga jakarsa ya ajiye bayan ƙofa, bai ce komai a kai ba.

Akwai gidan da ba zan manta ba. Wata gwauruwa ce, an kashe mijinta a rikicin, ta taso daga tsallaken kogi da 'ya'ya ƙanana. Muka tarar da ita tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗaga kai ba ta yi sosai ba. Bayan gaisuwa Baba ya ce a yi addu'a, sai ta ajiye farantin ta ce, "Baba, kada in yi maka ƙarya. Ni fa na daina addu'a. In na durƙusa bakina ba ya buɗuwa."

Gabana ya faɗi, na ɗauka zai tsawata mata. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce in buɗe Markus sura 2. Na karanta labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, taro ya hana su shiga, suka buɗe rufin ɗaki suka zurara shi gaban Yesu. Da na kai aya ta 5 ya ɗaga guntun hannunsa na tsaya.

"'Yata, bangaskiyar wa Yesu ya gani?"

Ta ce, "Tasu."

"To, ki kwanta abinki a kan shimfiɗa. Mu ne masu ɗauka. Ni da ɗan'uwanki ɗin nan da matan zumunta za mu riƙa yin addu'ar a madadinki, har ranar da bakinki zai buɗe. Ba wanda yake bin ki bayani, ba kuma wanda yake ƙirga miki kwana."

Ta sa gefen zaninta ta rufe fuska ta yi kuka mai yawa. Baba bai ce ta yi shiru ba. Ni kuwa littafin yana rawa a hannuna, don maganar da ya yi mata ni ma ta same ni, kuma ina jin da saninsa ya sa ni karanta wurin da bakina.

A hanyar dawowa ne ya ba ni labarin hannunsa. Yana yaro a wani ƙauye na ƙasar Katsina cutar kuturta ta kama shi. Aka ware masa ƙwarya da tabarma, yara suka daina wasa da shi. Daga baya aka kai shi Babbar Ruga, inda mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suke jinyar kutare a wancan zamani, kamar yadda suke yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A can ya koyi karatu, a can ya ji bishara. Amma ya ce abin da ya fara shiga zuciyarsa shi ne ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannunsa tana wanke gyambon, tana tambayarsa sunan mahaifiyarsa. Rabon da wani ya taɓa shi har ya manta. "Tun daga ranar," in ji shi, "na san inda mutum ya fi bukatar a zauna masa." Ya ce Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa Allah yana ta'azantar da mu domin mu ma mu ta'azantar da waɗansu da irin ta'aziyyar da muka samu, shi kuma bashi yake biya.

Zumunta a ƙafa take, haka muka taso muka ji. Yau muna da manyan gine-gine da na'urorin sauti masu tsada, kuma ban ce laifi ne ba, amma ina so in tambayi dattawanmu na yanzu gidan membobi nawa suka san hanyarsa. Barnaba da kansa ya kama hannun Shawulu, wato Bulus, ya kai shi wurin manzanni lokacin da kowa yake tsoronsa, ya kuma tsaya wa Markus bayan yaron ya gudu daga aiki. Wannan hidima ba ta bukatar digiri ko kuɗi, amma tana cin lokaci, kuma lokacin ne muke rowa.

Wata Asabar Baba ya ce jikansa mai ja masa gora ba ya nan, in zo gobe in kai shi sujada. Na je. Lokacin baiko ya dafa kafaɗata muka shiga layi. Da muka kusa kwanon ya raɗa mini in zaro masa kuɗi a aljihun gaba, tunda yatsunsa ba sa riƙe takarda. Na zura hannu na ji 'yar Murtala guda biyu. "Ɗaya tawa, ɗaya taka," ya ce. "In ka samu aiki ka biya wa wani." Daga ranar na koma sujada.

Aiki bai samu nan da nan ba, kuɗin sallama ma shiru. Amma na fara fita, har na soma taimaka wa wani mai injin niƙa a unguwa. Sai wata rana Baba ya sa na rubuta sunayen duk abokan aikina na masaƙa da na san inda suke. Na karanta masa, ya ce, "Saura wa?" Na ce saura abokina da muka yi shekaru a kan inji ɗaya, amma shi Musulmi ne, kuma tun bayan rikici ya koma Tudun Wada. Baba ya ce, "Shi ba a sallame shi ba ne? Ƙafata ba za ta kai can ba. Kai za ka je, kuma kada ka je hannu wofi."

Yadda na haye gada zuwa Tudun Wada, da halin da na tarar da abokina a ciki, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.