Godiya ga waɗanda suka taya ni horar da amfilifayata

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota rediyon sha'awa. Alhamdu lillahi, amfilifayar da na haɗa da hannuna, wato na'urar ƙara ƙarfin siginar rediyo, wadda ta hana ni barci tun shigowar hunturu, ta nutsu. Daren Asabar na fi awa biyu ina amfani da ita ina hira da 'yan'uwa a zangon rediyo na mita 40, wat 300 na fita lafiya lau, ba ƙauri ba tartsatsi.

Ba dabarata ba ce, shi ya sa na zo godiya.

Bawul biyu ne a cikinta samfurin 811A, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sigina, a kan bolt 1,500. A da, da na danna makirfo, ko uffan ban ce ba, sai allurar mita ta yi tsalle, farantin cikin bawul ya yi jawur kamar garwashi. Haka na ƙona bawul biyu da makunnin sauya zango, ina ta zargin mai shago wai jabu ya sayar mini. Na koma na ba shi haƙuri, ya kuwa yafe.

Babbar godiyata ga Baba, tsohon injiniyan tiransimita da ya yi ritaya, wanda ya taso takanas har gidana. Bai ma yarda an kunna ta ba. Ya leƙa ciki ya ce, "Yaro, wannan wayar ina za ta take yawo haka?" Wayar da ta haɗa giridi, wato ragar da ke cikin bawul, da jikin akwatin ya gani, ta fi tsawon yatsa. Ya ce ita ce ke sa bawul na haifar da sigina da kansa a wani zango can sama da megahaz 50, inda ban taɓa tunanin dubawa ba. Muka cire ta, muka sa guntun fallen jan ƙarfe. A hular kowane bawul muka ɗaura rizisto, wato abin rage gudun lantarki, mai om 47 da aka naɗa wa waya zagaye huɗu, muka kuma gitta farantin alminiyon tsakanin mashiga da mafita. Kayan da ko kuɗin cefanen yini ba su kai ba!

Amma abin da ba zan manta ba daban ne. Bayan gwajin farko na kashe wuta na miƙa hannu ciki, sai Baba ya doke hannun. Ya ɗauko sandarsa mai wayar ƙasa ta zubar da caji, ya taɓa kan kafasito, wato ma'ajiyar cajin lantarki. Tau! kamar an harba bindiga. Ashe riziston da ke tsiyaye cajin ya tsinke ban sani ba. Na daɗe zaune a ƙasa ina salati. Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Ina godiya ga mai naɗin taransifoma, da ya sake naɗi sau biyu har wutar filamen, zaren da ke ɗumama bawul, ta tsaya daidai a bolt 6.3, bai ƙara mini ko kwabo ba. Haka abokinmu na Damagaram, da ya kwana uku yana sauraro daga Nijar yana gaya mini inda murya ke shaƙewa.

Uwargida kuma ta sha ƙaurin dalma da ƙarar fanka cikin dare, har ta ɗinka wa amfilifayar riga da ta ji cewa ƙurar hunturu ce ke sa kafasito tartsatsi. Hajiya, na gode, Allah ya bar zumunci.

Baba, sandarka tana nan wurina. Sai na haɗa tawa zan kawo maka ita da kaina.