Na yi wanka a hamam na Chemberlitash

Kunya ce ta so hana ni shiga hamam, wato gidan wankan jama'a na Turkawa, a Istanbul. Sai da ƙawata Baturkiya ta tabbatar mini cewa mata da maza kowa da ɓangarensa, sannan na bi ta Chemberlitash, gidan wankan da shahararren magini Mimar Sinan ya gina a 1584 bisa umarnin Nurbanu Sultan, mahaifiyar Sarki Murad na Uku.

Aka ba ni feshtemal, wani siririn zane, na ɗaura na shiga ɗakin zafi. A tsakiya akwai faffaɗan dutsen marmara mai ɗumi, sama kuma ƙubba ce mai ƙananan ramuka da aka toshe da gilashi, haske na saukowa. Nan ake kwanciya a jira gumi, kuma ba a gaggawa, don sai fata ta yi laushi cuɗa ke amfani. Dattijuwar da ke wanke mata, wadda suke kira natir, ta sa safar hannu mai kaushi, kese, ta bi damtsena. Datti ya riƙa murɗewa yana zubewa kamar taliya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ruwan. Daga Rumawa aka gaji ɗumama daɓe da wuta ta ƙasa, amma a al'adance babu kududdufin da kowa ke faɗawa. Famfo na zuba a kwatarniyar marmara, a ɗiba da tasa a kwarara a jiki. Ba a tsoma sabulu ko ƙafa a ciki, domin tsarki ake nema.

A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya hamam buƙatar unguwa ce, ta wankan janaba da na Juma'a, kuma na Chemberlitash wakafi ne: kuɗinsa ya tafiyar da masallacin Atik Valide a Uskudar. Mata kuwa nan ce majalisarsu. Su zo da abinci, a yi waƙa, uwa ta duba wa ɗanta matar aure. Ana kai amarya kafin biki, a kai mai jego ranar arba'in. Da ƙawata ta faɗi wannan, wankan jegonmu na tuna.

Mai niyyar zuwa kada ta shiga da cikakken ciki, ta sha ruwa sosai, mai hawan jini kuma ta fara tambayar likita. Ƙananan hamam na unguwa sun fi araha, sai dai wasu rana ko sa'o'i suke ware wa mata, don haka a tambaya kafin a fita.