Ranar da aka miƙo mini mita a Sharaɗa

Na gama digirin injiniyan lantarki da sakamakon da har baƙi ake nuna wa a gidanmu. Bayan bautar ƙasa, wata masana'antar robobi a Sharaɗa, Kano, ta kira ni ganawa. Na sha shadda, na rungumo fayil. Manajan ko buɗe shi bai yi ba. Ya ja ni cikin ɗakin injina, ya nuna mini wani inji da ya ƙi tashi tun safe, ya miƙo mini mitar gwada wuta ya ce, "Injiniya, bismillah."

Na buɗe akwatin wayoyin na tsaya ina kallo. Wannan haɗin na sha zana shi a jarrabawa ina cin maki, amma a gabana sai ya koma kamar taliyar da aka zubar. Inda zan ɗora bakin mitar ma ban sani ba. Wani yaro bakanike, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Yallaɓai, ɗan matsa." Cikin 'yan mintoci ya zaro abin da ya ƙone. An ce in je za a neme ni. Kun san ma'anar wannan.

Ƙannena da ke jami'a, tun a aji huɗu na shuka wannan kunyar. Hukumar ITF mai kula da horas da ma'aikatan masana'antu ta kafa shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya fita. Wata shidan da aka ba mu, a shagon yayana a Kantin Kwari na cinye su ina auna atamfa. Littafin da ake rubuta aikin kullum kuwa, a dare biyu na cike shi daga na abokina. Furojet ɗina ma biya na yi aka haɗa mini, na haddace bayanin na je na kare.

Tsarin jarrabawar ma yana da nasa kason, ba zan ɓoye ba. Idan handawut za ka haddace ka amayar a awa uku ka samu A, wa zai wahalar da kansa? Akwai malami ɗaya da ya ƙi bin wannan hanya. Rabin makinsa a ɗakin gwaji yake: ka haɗa waya a gabansa, fitila ta kama ko ta ƙi, sannan ka yi bayanin dalili da bakinka. Mugu muke ce masa, ni har rokon Allah na yi kada a ba shi duba furojet ɗina. A Sharaɗa na gane shi kaɗai ya yi mana irin jarrabawar da mai ɗaukar aiki ke yi.

A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ina fatan a zuba aikin hannu a wannan gurbin, a kuma ba shi maki mai nauyi. Amma ku kada ku zauna jira. In an raba aikin rukuni, kada ka zama mai kawo kuɗin firintin kawai. In SIWES ta zo, nemi wurin da za a ɓata maka riga, ko a masana'antun Bompai ko na Challawa, ko da ba a ba ka ko sisi. Furojet kuwa haɗa abinka, ya ƙone sau uku ma ka sake, ka ɗauki hotonsa ka ajiye.

Ni sai da na yi wata takwas ina riƙe wa wani mai gyaran janareta sufana a Sabon Gari, yana aikena sayo ruwan leda, kafin na sake yarda in shiga wata ganawar.