Gizo-gizon da na kasa sanya wa suna

Daren Talata, bayan an ɗauke ruwa, na zagaya bayan gida da tocila don in duba ko kwata ta toshe. Sai na ga wasu ɗigo-ɗigo suna ƙyalli cikin ciyawa kamar an watsa fasasshiyar kwalba. Da na durƙusa, ashe idanun gizo-gizo ne. Na kifa wa babbar cikinsu kofin gilashi.

Hajiyarmu tana leƙowa ta ce, "Tautau ne, ka kashe shi kafin ya taɓa min jikoki." Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri zuwa safe."

Gane danginta bai ba ni wahala ba. Ido takwas ne a jere uku: ƙanana huɗu a ƙasa, manya biyu a tsakiya suna kallonka, biyu kuma can sama. Ga ƙunshin ƙwai fari, kamar ƙwayar gujjiya, manne a bayanta. Masu irin wannan siffa su ne Lycosidae, sunan da aka ɗauko daga kalmar kyarkeci a Girkanci. Yawancinsu ba sa kafa yana, bin abincinsu suke yi a ƙasa. Da a baki ta riƙe ƙunshin, da sai in ce 'yar wani dangin ce mai kama da su, Pisauridae.

To, wace ce ita a cikin dangin da ya haura nau'i 2,000? Nan gizo ke saƙa. Na sa hoto uku a iNaturalist, shafin intanet da ake taimaka wa juna gane halittu, wani ya ce wataƙila Hogna ce, wani rukuni a cikin dangin, wani ya ce a bar ta a Lycosidae kawai, kuma shi na ga ya fi gaskiya. Launi da zanen baya yaudara ne. Masana sai sun jiƙa dabbar a sifirit, su sa al'aurar macen ko ƙahon bakin namijin (gaɓar da yake barbara da ita) a ƙarƙashin madubin likita, kuma dole ta kasance baliga. Ko an yi hakan ma, na Afirka da dama wani masani Bajamushe mai suna Roewer ne ya bayyana su a 1959 da 1960, bayanin da masana ke kuka da shi har yau.

Ke nan dole sai na kashe uwa da ƙwanta kafin in sami suna. Da asuba na ɗaga kofin a gindin zogale. Ta ɗan yi jim, sannan ta ja ƙunshinta ta shige ƙarƙashin bulo. Har yanzu Hajiya ba ta tambaye ni ba.