Zaɓe muka faɗi, mutanen zango ba su ci amanar kowa ba

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni na zauna rubuta wannan. Yaron ɗan Nasara ne kamar ni, wato reshen zango na jam'iyyar NPP, kuma tun da aka kayar da mu a Disambar 2024 ba shi da aiki sai ɗaukar bidiyo yana zagin mutanen unguwa, wai mutanen zango munafukai ne, wai Allah ya kawo Musulmi na farko da babbar jam'iyya ta tsayar neman shugabancin Ghana, wato Mahamudu Bawumia, amma suka juya masa baya saboda jahilci da kwaɗayin shinkafa. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wanda ya taɓa limamin masallacin layinsu, bai kama suna ba amma kowa ya gane da wa yake. Na kira shi nace ya goge, yace Kawu ai gaskiya ce, kai ma ka sani. Sai na rasa bakin magana, don kusan abin da na faɗa kenan a Janairun 2009, ni dai ba waya na riƙe ba, a gaban manya na faɗa da bakina.

Ku yaran yanzu ba ku san zafin 2008 ba. Zagayen farko ɗan takararmu Nana Akufo-Addo ne a gaba, kashi 49 da ɗoriya, ƙiris ya rage, aka tafi zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba, aka zo aka maƙale a kan mazaɓa ɗaya tal, Tain, sai 2 ga Janairu aka yi nata, daga ƙarshe Atta Mills na jam'iyyar NDC ya wuce da ƙuri'u dubu 40 da ɗan wani abu. Dubu 40 fa, a ƙasa guda! Ni kuma sai na zauna ina lissafi a raina, nace da Aboabo da Asawase da Nima da Madina da sauran zangunan ƙasar nan sun ba mu ko ɗan kaɗan ne da an gama. Daga nan shaiɗan ya shiga. Na manta da cewa a zaɓen fidda gwani na 2007 a Legon mutum 17 ne suka fito neman kujera ɗaya suna watsi da kuɗi jama'a na kallo, na manta da rikicin 'yan Nana da 'yan Alan Kyerematen, abokin takararsa, da ya raba mu gida biyu, na manta da tsadar mai na shekarar, duk ban ga waɗannan ba sai mutanen layinmu. Laifi tudu ne dai.

Kuma ba zan ce ba ni da hujja ko kaɗan ba, don har yau in na tuna raina na ɗan sosuwa. Shekara takwas Shugaba Kufuor na jam'iyyarmu ya yi da Musulmi a matsayin mataimaki, Alhaji Aliu Mahama, Allah ya jiƙansa. Inshorar lafiya a zamaninsa ta zo, matan unguwarmu da suke haihuwa a gida saboda tsoron kuɗin asibiti suka fara zuwa da kati, aka fara ciyar da yara a makarantun firamare. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ya kai ni jam'iyyar tun farko shi ne aƙidar nan ta kowa ya nemi na kansa ya mallaki abinsa, gwamnati ta rage sa hannu a aljihun mutane, a girmama sarakuna da manya. Kuma na karanta tarihi, na san Musulman Kumasi suna cikin waɗanda suka kafa wannan layin siyasa namu, jam'iyyarsu ta Musulmi, MAP, tana cikin waɗanda suka haɗu aka yi United Party, kakar NPP, a 1957, na san gwamnatin Nkrumah ce ta kori Sarkin Zangon Kumasi Alhaji Amadu Baba daga ƙasar a wannan shekarar. To ina ganin kamar ni kaɗai na san gaskiya sauran duk barci suke.

Da wannan girman kan na shiga zauren Baffa, ƙanen mahaifina, bayan sallar isha, mutane cike, wasu ma baƙi ne 'yan goro. Wani ya tsokane ni da wasa yace ina giwa ta kwana, wato alamar jam'iyyarmu, maimakon in yi dariya sai na miƙe nace mutanen zango butulu ne, ko zinari aka shimfiɗa musu NDC za su bi, shi ya sa har abada a kwata za su ƙare. A kwata nace. A zauren mutumin da ya biya min kuɗin makaranta.

Baffa bai ɗaga murya ba. Yace min in zauna, sannan yace a Nuwamban 1969 da gwamnatin Busia, wanda jam'iyyarmu ta gaji layinsa, ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, shi da hannunsa ya ɗora kayan yayarsa da 'ya'yanta a mota, mijinta Bazabarme ne, gidan da suka gina da gumin goro aka saye shi a wulaƙance, kuma bai sake ganinta ba har ta rasu a can Nijar. Yace to kai da ka yi boko gaya min a wane akwatin zan jefa wannan. Ni kuma wallahi maimakon in yi shiru sai nace masa ai wannan tsohon zance ne, shekara arba'in. Ban san yadda aka yi bakina ya iya furta wannan ba. Na sha gaya wa kaina cewa zafin faɗuwa ne, kuma akwai zafin, kwana da kwanaki ba na barci, na kashe jarina a kamfe, amma zafi bai taɓa sa ni zagin wani babban ɗan jam'iyya ba, a kan na gida kawai na iya sauke shi.

Ba a kore ni daga dangi ba, gara ma a ce korar aka yi. Ana gaisawa, ana amsa min sallama, amma aka daina kira na shawara. Auren 'yar Baffa a bakin mutane na ji an sa rana. Kuma abin da ya fi ciwo a siyasance, ni da aka ɗora wa nemo ƙuri'ar zango sai na zama mutumin da in ya doso majalisa ake canja hira. Wanda ka kira butulu bana, da wane ido za ka je masa da fosta baɗi?

Na so a ce nan na yi hankali. 2012 muka sake faɗi, aka tafi kotun ƙoli, ana nuna shari'ar kai tsaye a talabijin, Bawumia na ba da shaida kan takardun sakamakon rumfuna, ni kuma na bar shago a hannun yara na tare gaban talabijin wata da watanni kamar ni ne lauya, har 29 ga Agustan 2013 da aka yanke hukunci ba mu yi nasara ba. Nana ya karɓi hukuncin a ranar, ni ban karɓa ba sai da na ga kantata ta koma rabi. A nan kam ina da ɗan uzuri, zuwa kotu hanya ce ta doka kuma ta gyara abubuwa a harkar zaɓe, ban yi nadamar goyon bayanta ba, nadamata ita ce na sake samun wani wanda zan ɗora wa laifi, da mutanen zango ne, yanzu hukumar zaɓe, ban taɓa zama na tambayi mai sayar da koko a bakin layinmu me ya sa ba ta son mu ba.

To sai muka ci 2016, kuma nan ne ainihin ɓarnar take, don mun hau mulki da kunnen da muka toshe tun muna adawa. An yi abubuwa, kada wani ya ce min ba a yi ba, sakandare kyauta ta fara a 2017 kuma yaran zango da yawa sun shiga ta dalilinta, an kafa asusun raya zango har da ma'aikata. Amma da abubuwa suka fara lalacewa fa? 2022 sidi ya zube, hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disamba, aka sa harajin E-levy a kan kuɗin da talaka ke tura wa uwarsa ta waya, aka taɓa kuɗin mutanen da suka ba gwamnati rance har tsofaffi 'yan fansho suka je suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Accra, cikinsu har da tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo, aka koma wurin IMF bayan an ce ba za a je ba, galamsey, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar da koguna ruwan laka. Mu da muke kiran kanmu jam'iyyar mai dukiya ya riƙe dukiyarsa, mu ne muka sa hannu a ajiyar tsofaffi. Ina gani, ina ji a kasuwa kullum, ni kaina jarina na narkewa, amma duk wanda ya yi ƙorafi sai in ce ɗan NDC ne, ko in ce korona ce da yaƙin Ukraine. E, suna ciki, ban musa ba. Amma ban taɓa tashi a taron mazaɓa na ce jama'a mutane fa suna kuka ba, ko sau ɗaya, don na riga na saba da ganin mai kuka a matsayin maƙiyi.

Yanzu ku ɗauko alƙaluma ku duba, ku da kuke da data ta yin bidiyo amma ba ku da ta karanta sakamako. A 2020 Nana ya samu ƙuri'a miliyan 6 da dubu ɗari 7. A 2024 Bawumia bai kai miliyan 5 ba. John Mahama na NDC kuwa miliyan 6 da ɗoriya ya samu a 2020, miliyan 6 da ɗoriya ya sake samu a 2024. Kenan ba wani gagarumin ƙaruwa ya yi ba, namu ne suka zauna a gida, har a nan Ashanti da muke taƙama da ita. Kujerunmu a majalisa ba su kai 90 ba cikin 276. Zangon da kuke zagi dama can ba namu ba ne, Asawase tun da aka ƙirƙire ta NDC ke ci. Waɗanda suka ƙi fitowa 'yan gidanmu ne, masu shago irina da malaman makaranta da 'yan fansho. Su ma munafukai ne? Shi kansa Bawumia gari na wayewa ranar 8 ga Disamba ya fito ya amsa kaye ya taya Mahama murna tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba, mai abin ya haƙura, ku kuna nan kuna ta kumfar baki a TikTok.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, har na fara rubuta su a takarda, amma da na duba yawancinsu surutu ne.

Ku cire addini daga bakinku. Ba wanda ya ci amanar Musulunci don ya ƙi zaɓen Bawumia, kamar yadda Kiristan da ya zaɓe shi bai bar coci ba. Ranar da kuka mayar da ƙuri'a shahada, to ku sani mu ne marasa rinjaye a ƙasar nan, mu za mu fara kwana a ciki. Kuma mutumin da kuke wa wannan faɗan bai nemi ƙuri'a da haka ba.

Ku je ku ba wanda kuka zaga haƙuri, da ƙafarku, a gidansa, ba a status ba. Kada ku jira zuciya ta huce, tawa ta ɗauki shekaru tana hucewa kuma kafin nan an riga an saba rayuwa ba ni.

Kada ku bar jam'iyya don ta faɗi, na tsani ɗan siyasar da ke bin inuwa, kuma ƙasa na buƙatar adawa mai ƙarfi, aƙidar nan ta neman na kai da rage haraji da girmama na gaba ba ta mutu ba, mu ne muka saki hanyarta. Amma kuma in gaskiya za a bi, wasunku gara ku bari ɗin. In ba ka da sana'a, in abincinka na jiran wani honarabul ya ci zaɓe, bar siyasa ka je Suame Magazine ka koyi gyaran mota, ka dawo in ka iya ciyar da kanka. Yaron da ke jiran a tura masa sidi hamsin ta waya ba zai iya kallon babba ya ce masa ka yi kuskure ba, kuma ku yawancinku haka kuke, daga zaman majalisa sai caca a waya sai jiran kamfe.

Da ina cewa wankin jam'iyya a cikin gida ake yi, har yanzu wani ɓangare na zuciyata na faɗin haka, ba na son ganin ana tone-tone a rediyo abokan hamayya na dariya. To amma shirun cikin gidan ne ya kai mu nan. An kafa kwamitin Farfesa Mike Oquaye ya binciki dalilin faɗuwa, madalla, sai dai abin da kwamiti zai gano mai koko ta san shi tun 2022. Ku faɗa a taro, in an hana ku makirfo ku faɗa a waje. Ni dai zagi ne ban yarda da shi ba.

Maganar 1969 kuma, ku 'yan Nasara ku daina cewa tsohon zance ne, ku daina kawo Amadu Baba don ku rufe bakin mutane kamar yadda na riƙa yi, korar da Nkrumah ya yi ba ta goge ta Busia ba. In tsoho ya ɗauko zancen ku zauna ku saurara har ya gama, ku ce an yi kuskure. Kuma in zaɓen shugabannin rumfa da na mazaɓa ya zo, ku da kuke deliget, duk wanda ya miƙo muku ambulan ku tambaye shi ina yake lokacin da ake sa E-levy, me ya ce a lokacin, a gaban wa ya faɗa.